Rumbun da Na Cika da Baki

Bari in fara da wautata, don in ban faɗa da kaina ba akwai sauran tsofaffi biyu a Bilbis da za su faɗa muku, kuma su sai sun ƙara gishiri. Ni Illa, da ake ce wa Illa Gid, wato mai yi wa baƙi jagora, na taɓa cika rumbun wani bawan Allah da hatsin shekara bakwai. Ban noma ko zangarniya ɗaya ba, ban kuma taɓa hawa tsani na leƙa cikinsa ba. Da baki na cika shi. Saura ƙiris bakin nan nawa ya sa a ɗaure dattijon da ya fi kowa mutunci a unguwarmu.

Kwanan baya wani ɗan kabu-kabu ya ce mini, "Baba, wai aikinku na da, ka sa gaba baƙi su bi ka cikin lungu kana zuba musu surutu? Ai ko akuya ta san hanyar gida." Na yi dariya, don ni ma da wannan tunanin na shigo aikin. Aji biyu na yi a lakwal, makarantar boko, mushe malaminmu ya ce kaina dutsen Adar ne, ruwa ba ya kwana a kansa. Faransancin da nake da shi a kampama na tsince shi, gidan saukar baƙi na gwamnati, inda nake wanke motoci. Bai wuce "ku biyo ni," "ku yi hankali," da "tsoho ne ƙwarai" ba. Sauran da hannu nake cikawa.

Wanda ya koya mini aikin sunansa Arzika. Ya yi ɗan aike a ofishin kwamanda tun anasara na mulki, babu ƙofar da bai taɓa kai takarda ba a Tawa. Ranar farko da ya ɗauke ni, mun zagaya tsohon gari tun hantsi har kusan azahar bai ce mini uffan ba. Da muka zauna a inuwa sai ya ce, "Gida nawa munka wuce da anka yi rasuwa?" Na ce ban ga ko ɗaya ba. Ya ce biyu. Ɗaya an share ƙofa an shimfiɗa tabarmi babu mai hira a kai, ɗaya kuma turmi na kife da hantsi, lokacin da ya kamata a ji daka. Ya ce, "Kai kana kallon bango. Bango ba shi jin kunya. Mutanen da ke bayan bango za ka koya."

Kayan aikin ba su da yawa: sanda, malfa, takalmin taya, gorar ruwa da aka naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, sai goro a aljihun dama. Goron ba na ci ba ne, na ƙofa ne. Duk zauren da ka wuce da dattijo a ciki ka yi sallama, ka durƙusa, ka ajiye ɗaya, ko da gidan da ba za ka taɓa shiga da baƙo ba ne. Na ce wa Arzika wannan ai asara ce. Ya ce in ci gaba da asarar. Ita kuwa sanda, dokarta guda: ta nuna bango, ta nuna ƙasa, ta kori kare, amma ba ta nuna mutum, ba ta nuna ƙofar da mai ita ya rufe.

Hanya kuma inuwa ce take tsara ta. Anasara a ranar Tawa man shanu ne, in ka bar shi a fili sai ka kwashe shi da ludayi. Da safe ka bi gefen da bango ya yi maka laima, ka fara da maƙera tun wutarsu ba ta haɗu da ta sama ba, ka gangara wurin dukawa masu jakunkuna da layu, ka ratsa ta marina, ka leƙa bakin tafki, ka tabbata kafin kiran azahar ka fitar da mutanenka daga ƙofar masallaci. Kafin duk wannan ka biya ta rijiya da sassafe, ka ji daga bakin mata wa ya haihu, wa ya mutu, wane gida aka kwana ana faɗa. Hanyar jiya ba ita ce ta yau ba.

Sannan akwai maganar wace unguwa ta riga wata zama, Bilbis ko Fakuwa. Wannan Arzika ya koya mini ita da ƙafa. In muna cikin Bilbis, Bilbis ce uwar gari. In mun tsallaka, mun ga tsofaffin Fakuwa sun kasa kunne, to Fakuwa ce. Wani baƙo mai gilashi ya taɓa kama ni, ya ce ɗazu ba haka na faɗa ba. Na ce masa ɗazu ba a nan muke tsaye ba.

Aikin da na fi alfahari da shi ba na anasara ba ne. Wani dattijon ɗan kasuwa ya zo daga Sakkwato, yana neman gidan da aka haifi kakarsa. Abin da ya sani kawai, akwai rijiya mai bakin dutse, akwai gawo, kuma gidan masaƙa ne. Gawon ya daɗe da faɗuwa. Arzika ya taka, ya kai shi wani fili inda awaki ke kwance, ya sa sanda ya tona ƙasa kaɗan, sai ga kututture. Daga nan ya ƙirga ƙofa uku. Tsohuwar da ta fito ta dubi baƙon ta kira sunan kakarsa tun bai buɗe baki ba, don goshinsu ɗaya. Ranar na san akuya ba ta iya aikin nan.

Ni kuwa ciwona ƙari. Wani anasara ya tambaye ni me ya sa ƙofofin tsohon gari gajeru ne. Na ce don in abokin gaba ya shigo dole ya sunkuya, a sare shi. Ya rubuta yana ta jinjina kai. Da Arzika ya ji sai ya ce, "Ja'iri. Icce na ke wuya a Adar, shi ke nan." Amma na ga irin maganata ta fi sa baƙo ya buɗe aljihu, sai na riƙe ta.

Ƙarshen zagayenmu kullum rumbun Baba Nomau ne. Ku da ba ku gan shi ba, rumbun laka ne, zaune a kan duwatsu, cikinsa kamar na tulu, tsawonsa ya haura katangar gidan har ana hango hular ciyawarsa daga lungu uku. Ta sama ake shigarsa, da tsani. Kakan Baba Nomau ya gina shi, kuma iyakar abin da Arzika ke faɗa wa baƙi ke nan. Shi Baban mutum ne marar magana, kullum yana zaurensa a kan buzu yana tufka igiya. In na ce, "Baba, baƙi na," sai ya ce, "Maraba da su," ya ci gaba da tufkarsa.

Da gwiwoyin Arzika suka ajiye shi, hanya ta zama tawa. Na fara cewa rumbun nan na ɗauke da hatsin shekara uku. Na ga sun yi mamaki, na mai da shi biyar. Kafin damina biyu ya kai bakwai, a nan na tsaya, don Faransancina na ƙirge daga nan yake fara tangal-tangal. Ina faɗa ina ɗaga yatsu bakwai, sanda a hammata. Baba Nomau ba ya jin Faransanci, ni kuwa na ɗauka ba ya ganin yatsu.

Sai shekarar wahala ta zo. Ruwa ya yi gardama shekara bisa shekara, har ya ƙi gaba ɗaya. Buzaye da Fulani suka gangaro daga arewa babu ko akuya, suka kafa 'yan bukkoki a bakin gari. Dangi daga wajen Bambeye da Kalfu suka cika gidaje. Mutane na jiƙa 'ya'yan anza na daji kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, wasu na fasa gidan tururuwa su kwashe 'yar tsabar da ta tara. Baƙina ma suka canja. Masu son hoton raƙumi suka daina zuwa, sai ma'aikatan agaji masu littafi a hannu. Arzika daga kan tabarmarsa ya ce mini, "Illa, bana ba shekarar nuna gari ba ta. Gari ya tuɓe, ba a nuna wanda ya tuɓe." Na ji rabi. Na daina bi da baƙi ta inda ake kwance da yunwa, amma rumbu ban bar shi ba, don shi kaɗai ya rage mini na yin taƙama. Ga shi kuma kowace safiya mata na shiga zauren Baba Nomau da ƙwarya a rufe da faifai, su fito da tiya ko rabin tiya. Na ce a raina ka gani, ashe ma gaskiya nake faɗa.

Wata madam mai aikin jinya, mutuniyar kirki, na kai ta wurin na ɗaga mata yatsuna bakwai. Ta rubuta. Ba da mugunta ba ta faɗi maganar a gaban manya, tana ganin ta samo wa gari mafita. Lokacin kuwa soja sun karɓi mulki, an yi shela duk wanda ya ɓoye hatsi mutane na mutuwa, a fasa rumbunsa a gaban jama'a, shi kuma a tafi da shi.

Da hantsi ina zaune a ƙofar kampama sai ga kamiyo, babbar motar soja, ta tsaya, soja huɗu da shugabansu, wani ajidan, dogo, mutumin bakin kogi, Hausarsa ta bariki.

"Kai ne gid?"

"Ni ne, ranka ya daɗe, amma yau ƙafata ta kwana tana..."

"Za ta warke a hanya. Kai mu rumbun shekara bakwai."

Abu ɗaya ya taimake ni: kamiyo ba ta shiga lungun tsohon gari. Dole suka sauka suka bi ni a ƙasa, kuma wanda ya bi ka a ƙasa baƙonka ne, ko da bindiga gare shi. A bakin maƙera na tsaya wurin Tamo mai fura, taubashiyata, maƙwabciyar Baba Nomau, kamar zan sha ruwa. Na raɗa mata abin da ake ciki. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Bakinka ya haihu ke nan, Illa? Barka. Allah shi raya." Ta bar ƙwaryarta ta bi ta baya.

Ni kuwa na shiga aikina. Hanyar da ba ta fi shan lofe ɗaya ba na mai da ta yawon rabin safiya. Na nuna wa ajidan maƙera, na nuna masa dukawa, na ba shi tarihin Bilbis, na ba shi na Fakuwa. Ya tsaya ya ce, "Wannan bangon mun wuce shi ɗazu." Na ce, "Ƙanensa ne, ranka ya daɗe, magininsu ɗaya." Bai yi dariya ba. Abin da ban yi lissafinsa ba shi ne jama'a. Duk lungun da muka ratsa sai wasu su biyo mu, har bayanmu ya zama kamar ranar kasuwa. Kowa ya ji za a fasa rumbun Nomau, kowa da ƙwaryarsa.

A marina Tamo ta cim mana tana haki. Ta ce, "Baba ya ce ka kawo su. Amma ya ce kar ka kawo gari."

Ban gane dalili ba, amma na gane aikin. Bayan gidan Baba Nomau akwai gidan Aliyo majemi, mai ƙofa biyu, ɗaya a lungu, ɗaya ta baya wajen ramukan jima, tana fita wani ɗan tsukin da ke kaiwa ƙaramar ƙofar Baba. Saboda warin fata ko ɓarawo ba ya ratsa gidan. Shekara goma ina ajiye wa Aliyo goro ban taɓa shiga da kowa ba. Na ce wa ajidan, "Ranka ya daɗe, daga nan gidan mutane ne, akwai mata. Ni da kai za mu shiga, yaranka su tsare ƙofa." Ya dube ni, ya dubi taron, ya yarda. Na yi sallama. Aliyo ya ɗago, ya ga soja, ya ga fuskata, bai tambayi komai ba, ya ce, "Ku wuce, Illa, gidanku na." Jama'a suka tsaya inda sojoji suka tsaya, suna zaton nan abin zai faru.

Muka fito gindin rumbu, ajidan na toshe hanci da hularsa. Baba Nomau na tsaye, ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Daga zaure ana jin muryar mata masu jira. Suka gaisa. Sai Baba ya ce mini, "Ba shi sandarka."

Na miƙa. Baba ya nuna cikin rumbun ya ce, "Buga, ɗana."

Duk wanda ya tashi a Adar ya san rumbu mai hatsi ba ya amsawa, in ka buge shi kamar ka bugi ƙasa ne. Wannan kuwa ya amsa kamar ganga. Ajidan ya sake bugawa can ƙasa, kusa da duwatsu. Ya sake amsawa. Ya hau tsani da kansa, ya ɗaga hular ciyawa, ya daɗe kansa na ciki. Da ya sauko akwai yanar gizo a kafaɗarsa.

"Tun yaushe?"

"Wata biyar."

"To me kake ba matan nan?"

Baba ya kai shi wani ɗan ɗaki, ya buɗe. Rabin buhu ne a jingine, da tiya a kai. Ya sayar da shanunsa biyu, ya sayar da raƙumi, yanzu tasoshin marigayiyar matarsa ake kaiwa kasuwa ɗaya-ɗaya. Wani ƙanensa ke sayo hatsin can nesa da unguwa, ya shigo da shi ta ƙofar majema. Kowace safiya kuma Baba sai ya hau tsani, ya ɗaga hula, ya sauko da kwando a rufe, don masu hange daga lungu su gani.

Ajidan ya ce, "Don me? Ka faɗa musu babu mana."

Baba ya ce, "Ɗana, matan ga ɗiyan mutunci na. In sun san daga bakina suke ɗauka, ba su zuwa. Kunya ta hana su, su rufe ƙofa su mutu da ɗiyansu a ɗaka. Muddin rumbun ga na tsaye da hula tai, kowace ta zo tana ganin ɗigo ta ɗiba a tafki. In ka fasa shi gaban jama'a, ba ni ka fasa ba."

Ajidan ya karkaɗe kafaɗarsa, ya gyara hularsa, ya miƙo mini sandata. Sai ya fita ta babban zaure, ya ratsa matan, ya aika aka kira sojojinsa, taron ya biyo su. Ya tsaya a ƙofa ya ɗaga murya: "Na hau na gani da idona. Babu ɓoyo a gidan nan. Rumbun nan ba mai taɓa shi. Wanda ya ƙara kawo mini maganarsa, shi zan ɗauka." Da ya zo wuce ni ya rage murya ya ce, "Gid, ka rage shekaru."

Bayan kwana uku aka kawo rabon unguwarmu na jar dawar agaji a kan jakuna, aka ce a zauren Baba Nomau za a riƙa rabawa, shi ne mai awo. Matan suka ci gaba da zuwa ƙofar da suka saba. Ba wadda ta san komai. Ni da Aliyo da Tamo muka haɗiye maganar, kuma ku da kuka san Tamo kun san wannan ya fi azumi wuya. Yau duk sun riga mu gidan gaskiya, rumbun ma ruwa ya cinye shi, jikokin Baba kuma sun ce in faɗa, shi ya sa kuka ji.

Da na ba Arzika labari bai zage ni ba. Ya ce, "Goro nawa ka ba Aliyo?" Na ce ban ƙirga ba. Ya ce, "To ka ga asara." Daga ranar na daina ɗaga yatsu. In na kai baƙo wurin sai in ce kakansa ne ya gina shi, in yi shiru. Abin mamaki, shirun ya fi sa su tsayawa. Na yi shekara ashirin da wani abu ina aikin bayan haka, na koyi faɗin "ban sani ba," kalmar da ta fi kowace wuya a bakin gid.

Sai da ruwa ya dawo, aka yi girbi, na ga an jingina tsani ana zuba dammuna na gaske, sannan na iya zuwa ba Baba haƙuri. Na same shi a kan buzunsa yana tufka. Na durƙusa, na ajiye goro, na fara jero maganar da na kwana uku ina shiryawa. Ya bar ni na kai ƙarshe. Ya sa aka kawo mini fura, ya jira na sha. Sannan ya ajiye igiyar, ya ɗaga yatsunsa bakwai daidai yadda nake yi, har da ɗan karkata kai, ya yi murmushi.

Ya ce, "Illa, shekara da shekaru kana tsaye ƙofata kana gaya ma mutanen duniya abin da ke cikin rumbuna. Ga ni zaune taku biyu da kai. Ko sau ɗaya ba ka tambaye ni ba."